Saura Baƙi Ɗaya

Maigidana dillalin dabbobi ne, bakinsa ne jarinsa. Ba shi da saniya ko ɗaya tasa, amma daga karar Mai'aduwa har Zango babu mai shanun da bai san muryarsa ba. Yakan shiga tsakanin mai sayarwa da mai saye ya yi ta zuba, har mai sa ya manta rantsuwar da ya yi cewa ba zai sallama ba. In ya dawo gida kuwa, ragowar surutun a kaina yake ƙarewa. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, kuma aure bai kashe wasan da muka taso da shi ba. Shi ya ce ni baiwarsa ce, ni na ce shi bawan gidanmu ne. Har muka aurar da 'ya'yanmu ba a raba wannan gardamar ba.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Mahaifinsa daga saman motar shanu ya faɗo a hanya, kafin a kai gare shi ya cika. Da aka zo gaisuwa mutane suka riƙa tambaya ko ya samu kalmar shahada, babu wanda ya iya amsawa. Maigidana yana saurayi a lokacin, abin ya zauna masa a ciki har tsufansa. Sai muna cikin raha ya tsaya cak, ya ce:

"Ke baiwa, duk rashin kunyar da kike mini na yafe. Abu ɗaya na roƙe ki. In kin ga ina tafiya, ki laƙanta mini kalma, kada ki rabu da ni sai kin ji ta fito daga bakina."

"Kai da bakinka ba ya rufuwa? Ai sai dai a roƙe ka ka yi shiru a samu a yi maka wanka."

Ya yi dariya, amma ba ta kai masa ido ba. "Na dai gaya miki."

Na ce na ji, na ɗauka.

Makaranta kuwa da jikoki na shige ta. Shekarun da shari'a ta zo, kowace unguwa a Daura ta buɗe Islamiyyar matan aure, hijabai suka ƙara tsawo, kiɗan biki ya yi sanyi. Na shiga Islamiyya kamar kowa. Amma na kuma shiga ajin yaƙi da jahilci, don na gaji da in je asibiti a tsaya a kaina ana Turanci, ana maganar jikina ina zaune kamar buhun gero. Da na gama wannan na wuce makarantar mata ta cikin gari, mai aji-aji. Ƙanen maigidana bai so ba. Da can shi ne abokin tsokanata, da zamani ya juya ya ajiye gemu, ya ɗage wando, wasa ya ƙare, muka koma kiransa Ustazu.

"Yaya," in ji shi, "yanzu da kowa ke komawa ga Allah, ke kuma harshen Turawa za ki je nema?"

"Ustazu, allurar da aka yi maka bara da ka kwanta, da Larabci aka rubuto ta?"

Maigidana yana kishingiɗe yana cin goro. Ya ce, "Ka bar ta ta je. Ko ta samu waɗansu ta yi wa masifa, ni ma in ɗan huta."

Malamar Turancinmu yarinya ce, sa'ar 'yata ta biyu, Inna take ce mini. Wata rana ta shigo ba ta ce a buɗe littafi ba. Ta zana kan mutum a allo, an tsaga shi biyu daga goshi zuwa haɓa, ga hanci, ga harshe kwance a ciki. Mata suka hau salati, wata ta ce zanen mutum bai halatta ba. Ni ban tsorata ba. Na sha fasa kan rago da layya, na san cikin nan sarai, abin da ban sani ba shi ne kowane lungu da sunansa da aikinsa. Ta nuna bayan haƙoran sama, inda dasashi ya yi tudu, ta ce hanƙa ke nan. Ta matsa baya ta ce ganɗa. Na ce ni ganda ta miya na sani. Ta ce wannan ba ta shiga tukunya, Inna.

Ta ce magana duk iska ce daga huhu. In iskar ta fito babu abin da ya tare ta, wasali ke nan. In wani abu ya tsaya mata a hanya, leɓe ko haƙori ko harshe, baƙi ke nan. Su kuma baƙaƙen Turanci, in ji ta, tambaya uku ake yi wa kowanne kafin a san danginsa: a ina aka tare iskar, yaya aka tare ta, kuma maƙogwaro ya yi ziza ko bai yi ba. Ta sa muka ɗora yatsu a wuya, muka ja "sss", shiru. Muka ja "zzz", sai ga abu yana rawa a ƙarƙashin yatsuna kamar ƙudan zuma a cikin gora. Na haura arba'in da wannan wuyan, ban taɓa sanin yana haka ba. Na tuna na ji haushi ƙwarai, haushin wanda aka ɓoye wa abin da ke cikin ɗakinsa.

Daga nan ta bi su gida-gida. Na leɓe biyu, "p" da "b" da "m". Na tsinin harshe a hanƙa, "t" da "d" da "n" da "l". Na can baya, "k" da "g". Waɗansu a datse iska a sake ta gaba ɗaya, waɗansu a matse ta ta fita da zuza, waɗansu a kora ta ta hanci. "L" kuwa, tsinin harshe ya dafe hanƙa, iska ta zagaya ta gefe biyu ta wuce. "H" ta ce da ƙyar ma ya zama baƙi, numfashi ne kawai da aka ɗan ji ƙararsa. Wasulansu sun kai ashirin, mu namu biyar. Ana rarrabe su da inda harshe ya tsaya, sama ko ƙasa, gaba ko baya, da leɓe, ko ya baje ko ya zagaye. In ka ce "a", harshe ya kwanta, baki ya buɗe. In ka ce "i", gabansa ya tashi ya nufi ganɗa. Ta sa muka yi ta maimaitawa, a, i, a, i, har muka ji harshen yana hawa yana sauka.

Inda muka sha wuya "p" da "f". Mu da leɓe biyu muke yin "f", kamar mai hura wuta. Su sai sun ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Wata dattijuwa mai wawulo ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni da haƙoran saman suka riga ni tafiya fa?" Aka yi ta dariya har Malama ta dafa tebur. Ta ce mu yi hankali dai, don kalmar da suke cewa a yi addu'a da wadda suke cewa a soya abu, wannan ɗan bambancin ne kaɗai tsakaninsu. Da na kai wa maigidana labari ya ce, "To ki riƙa sanar da ni tun da wuri. Kar ki ce mu yi addu'a in ɗauko miki man gyaɗa."

Sai aka zo kan wanda suke rubutawa da "t" da "h" a haɗe. Malama ta ce a sa harshe tsakanin haƙora, a ɗan leƙo da shi waje, a hura. Ta yi mana. Na ce:

"Malama, wannan ai gwalo ne."

"Ba gwalo ba ne, Inna, baƙi ne."

"Ni a gidanmu mari ake sha a kansa. Ba zan yi wa mutum gwalo da furfurata ba."

Ban yi a aji ba. Amma abin ya tsaya mini, don ba na son a ce akwai abin da ya gagare ni. Da rana tsaka, na gama aiki, na zauna bakin gado da ɗan madubina ina gwadawa. Ban ji shigowarsa ba.

"Subhanallahi! Baiwa, wa kike wa gwalo? Ke da kanki?"

"Karatu nake."

"Wannan ne karatun? Ashe da awakina na kai makarantar, sun fi ki iyawa."

Na ce masa da wannan baƙin ake fara tankiyu, in za a faɗe ta daidai, mu ne muka mayar da shi "t". Ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce yanzu ya gane Turawa, mutanen da ba sa iya gode maka sai sun yi maka gwalo tukuna. Tun daga ranar, in na ajiye masa tuwo sai ya duba ko babu kowa, ya zaro mini harshe. In ce Allah ya shirye ka, bawan gidanmu. Ya ce godiya ce, 'yar boko, ba ke kika koya mini ba?

Da bazara abin ya same shi, a kara, yana tsakiyar ciniki. Waɗanda suka kawo shi a motar haya sun ce magana ce ta karye masa a baki, ya sake ɗaukowa ta sake karyewa, sannan ya sulale jikin turke. A asibiti likita ya tsaya a kansa yana yi wa ma'aikaciya Turanci. A karon farko na tsinci abin da ake faɗa a kan nawa: ba zai warke ba. Da ban je makarantar ba da na ƙara kwana biyu ina sa rai.

Muka dawo gida da ɓarin damansa a shanye. Baki ya karkace, leɓɓa ba sa haɗuwa, yawu na zuba ina sharewa. Hankalinsa kuwa garau, idonsa yana bin kowa, yana gane komai. Mutumin da ya cika kara da murya ya koma sai "aa", sai "uu". Ustazu bai gaza ba, ina faɗa don gaskiya ce. Kullum yana nan da ruƙiyya, ya kawo man zaitun, ya kawo habbatus sauda, ya kawo zuma mai kyau daga wajen Dutsi. Duk na ba shi, da na asibitin. Wata rana Ustazu ya gama karatu ya ce wa maigidana, "Yaya, bi ni," ya faɗi kalmar shahada a hankali. Maigidana ya buɗe baki, ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya fito sai ƙara. Hawaye suka gangaro masa ta ɓarin da ke da rai da wanda ba shi da shi. Bai kalli ƙanensa ba, ni ya kalla. Na san abin da yake tuna mini.

Na daina zuwa makaranta, amma makarantar ta biyo ni. Na zauna gabansa na bi bakinsa kamar yadda Malama ta bi zanen allo. Ka ce "b". Babu, leɓe ba ya rufuwa. "M" haka. "F" haka. Ka ce "k". Babu. "T", "d", "n", babu ko ɗaya. Baƙaƙen duk sun watse kamar kasuwa ta tashi. Sai na ce ka ce "a", ya ce. Ka ce "i". Ya daɗe, na ga maƙogwaronsa na motsi, sannan ta fito, siririya, a karkace, amma "i" ce. Ka ce "ha". Ya faɗa. Na ɗora yatsuna a wuyansa, zizar tana nan da ƙarfinta.

Na fita tsakar gida da madubina, na faɗi kalmar a hankali ina kallon bakina. La'ilaha illallah. Na sake. Na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun da nake faɗinta: leɓɓana ba su haɗu ba ko sau ɗaya. Haƙori bai taɓa leɓe ba. Bayan harshe bai tashi ba. Babu komai a cikinta sai "a", sai "i", sai "h", sai "l". Uku yana da su. Rabi na biyu ne ke buɗewa da rufe leɓe, don da "m" sunan Annabi ya fara, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Na tare Ustazu a zaure. Na ce, in mutum ya samu rabin farko kaɗai, ya samu? Ya ce ai rabin farkon ne ma ake laƙanta wa mai barin duniya, wanda ya cika da shi ya cika da kalma. Na ce to alhamdu lillahi. Na koma ɗaki na ce wa maigidana:

"Kai bawa, share hawayenka. Baƙi ɗaya ya rage maka. Ɗaya tak. Kai da ka sayar da gurguwar saniya a kuɗin lafiyayya, baƙi ɗaya zai gagare ka?"

Rabin fuskarsa ya yi murmushi.

Haka muka kama "l". Kullum da hantsi in na gama yi masa wanka na jingina shi da bango, in wanke hannu, in lakato zumar Ustazu in shafa masa a hanƙa, daidai bayan haƙoran sama, in ce bi ta da harshe. In riƙe masa madubi. In buɗe nawa bakin kamar wawiya in nuna masa. Harshen ya taso kaɗan, ya yi rawa, ya karkace dama, ya faɗi. Mu sake. Wani lokaci ya gaji ya kau da kai, in juyo da shi. Ba na lallashi, ban iya ba, shi ma ya san ban iya ba. Ina ce masa, "Kai ka ɗora mini, ban roƙa ba. Buɗe." Maƙwabta sun ji ni ta kan katanga ina la, la, la kamar mai koya wa yaro, wata ta ce boko ya taɓa ni. Na ce ta zo ta karɓe ni jinyar in ta fi ni hankali. Ba ta zo ba.

Ana cikin damina, ranar nan, na shafa zuma na ce bi ta. Ya tattaro duk ƙarfinsa, harshen ya taso, ya wuce hanƙar bai taɓa ta ba, ya zame ya fito tsakanin haƙora ya tsaya. Muka kalli juna.

"Au! Ni kake wa gwalo? Ina wanke ka, ina ciyar da kai, sakayyata ke nan?"

Ƙirjinsa ya hau girgiza, dariya ce babu murya. Bai mayar da harshen ba. Ya bar shi a wurin, ya kafe ni da ido, ya huro iska ta kansa a hankali. Sautin nan da na kasa a aji, wanda Malama ta yi ta fama da mu a kansa, shi ne ya fito daga bakin dillalin shanu, tsaf, babu gyara.

"Tankiyu ce?" na ce.

Ya lumshe ido ya buɗe.

Na ce masa tuwo na kan wuta, ko da yake ban ɗora komai ba. Na shiga madafa na zauna kan turmi, na toshe bakina da zane don kada ya ji.

"L" ba ta zo ba. Gero ya yi kai, aka yanke, aka ɗaure dammuna, muna nan a inda muke. Wani lokaci in ji kamar ta kusa, harshen ya rage kaɗan ya taɓa, sai ya koma. Da kaka ƙirji ya kama shi, abinci ya riƙa bi masa ta hanyar iska, ya yi ta tari. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Ya daina karɓar zuma.

Ranar da zai tafi, da hantsi ne, lokacin karatunmu. Na ga numfashinsa ya canja, na aika aka kira Ustazu. 'Ya'yanmu suna hanya, ba su iso ba. Ustazu ya durƙusa ta wajen kunnensa na hagu yana maimaita kalma, ba ya tsawa, ba ya gaggawa. Ni ina ta dama, kansa a cinyata, yatsuna a wuyansa inda na saba ɗora su. Na sunkuya na ce, "Kai bawa, ga lokacin da ka ce. Kada ka ba ni kunya."

Ya buɗe ido. Zizar ta taso a ƙarƙashin yatsuna.

"Aa..."

Ya ja numfashi. Na ji maƙogwaron ya ɗaga.

"I... aa... ha."

Ya tsaya, na ɗauka shi ke nan. Sai ya sake tattarowa.

"I... a... aah."

Iskar ƙarshen ta daɗe tana fita. Ziza ta ɗauke, iska ta ci gaba ita kaɗai, sannan ita ma ta ƙare. Na bar yatsuna a wurin ina jira ko za ta dawo.

Ustazu ya shafe masa ido, ya yi salati. Da ya samu kansa ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Bai samu faɗa ba, sai nishi. Amma Allah ba Ya kama bawa da harshen da Shi ya ɗaure. Zuciya ake dubawa, kuma mun san zuciyarsa."

Don ya sanyaya mini rai ya faɗa, na sani. Na ce, "Ya faɗa."

"Yaya..."

"Nishi ba ya hawa ya sauka, Ustazu. Nishi 'a' ce kaɗai, harshe a kwance. Wata nawa ina jin nishinsa? Sau biyu ya ɗaga harshe ya yi 'i', kowacce a gurbinta. Ya sa 'ha' a inda take. Ya ja inda ake ja. Wane nishi ne ya san wannan?"

Ya dube ni da tausayi, ya ce Allah ya sa haka ne. Ya fita sanar da maza.

Da aka zauna gaisuwa, abin da maigidana ya tsorata tun yana saurayi shi ya faru. Kowace ta shigo, bayan ya haƙuri, sai ta rage murya: ya dai samu kalma? In ce ya samu. Amma labarin zaure ya riga ya shigo cikin gida ta bakin mazajensu, cewa nishi kawai ya yi. Sai in ga sun kalli juna, su ce Allah sarki, Allah ya sa ya huta. Wata gwaggonmu, tawa ce tasa ce, ta dafa ni ta ce, "Ki daina cewa haka, 'yar nan, kada ki ɗauki alhakin shaidar abin da ba a ji ba." Na ce, "Gwaggo, ke ba ki ji ba. Ni na ji, na kuma taɓa da hannuna." Ta ce baƙin ciki ne, zai wuce.

Duk tsawon takaba abin yana cina. Ba maganar mutane ba, su na saba da su. Ni ce nake tambayar kaina ko kunnena ya ƙara abin da zuciyata ke so. In na idar da salla sai in kwantar da tsinin harshena a bayan haƙoran ƙasa, in danne shi, in faɗi kalmar haka. Abin da ke fitowa shi ne abin da na ji a bakinsa. Amma ni na san abin da nake nufi, saboda haka ba shaida ba ce.

Da na fita takaba ban fara zuwa gidan kowa ba sai makaranta. Na tarar da Malama ita kaɗai a aji ana hutun tara, tana goge allo. Ta zo gaisuwa tun farko, amma ba ta san komai game da wannan ba, ban gaya mata ba. Ta ce, "Inna, kin dawo mana?" Na ce ba karatu ya kawo ni ba, ki zauna. Zan faɗi wani abu, ke ki gaya mini ko magana ce ko nishi. Ba Turanci ba ne, iyakar abin da zan gaya miki ke nan.

Na danne harshena, na faɗa mata kamar yadda ya faɗa, da tsayawar da jan numfashin.

Ta ce in sake. Na sake. A karo na biyu na ga leɓɓanta sun ɗan buɗe, tsinin harshenta yana tashi yana taɓa hanƙa a duk gurbin da na bari. Ba ta san tana yi ba. Da na kai ƙarshe ta riga ni, ta ce, "La'ilaha illallah." Sannan ta dafe baki, ta dube ni, ta gane. Ta zauna kan bencin ɗalibai ta yi ta kuka, ni ce ma na koma ba ta haƙuri.

Na bi ta shagon Ustazu a hanyar gida. Na ce masa mun zama mu biyu, mata biyu, ko a lissafinsa mun kai shaida guda. Ya yi ɗan murmushi, irin na da, kafin gemu. Ya ce, "Yaya, ita ai ke ta ji, ba shi ba." Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Wanda ya ji shi mu biyu ne, ɗaya ya ji nishi, ɗaya ta ji kalma, kuma ba za a sake kiransa ya maimaita ba.

Har yau in aka tambaye ni, ya samu nake cewa. Ya ce kada in rabu da shi sai na ji ta fito daga bakinsa, kuma ban ɗauke hannuna daga wuyansa ba sai da na ji. Na koma makaranta na ƙarasa. Ranar jarrabawar baki Malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi baƙaƙen a gaban aji. Na yi "p", na yi "f" da haƙori a kan leɓe, na yi "l". Da ta zo kan na gwalo na ce ta sa mini sifiri ta wuce. Ta ce, "Inna, ai na san kin iya." Na ce na iya, amma wannan ba nawa ba ne.